Shaidar da Ukashatu Ya Ƙi Bayarwa

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari can baya, sunansa Ukashatu. Ya gama jami'a a fannin fiziks, ilimin auna haske da nauyi da gudun abubuwa. Kansa na ja a lissafi, aljihu kuwa wayam. Abokan karatunsa suka ce masa bankuna irinsa suke nema, ya je ya yi digiri na biyu a harkar kuɗi. Ya nema, ya samu gurbi. Kuɗin makaranta ne babu.

To, ku saurara. Yana da kawu, Alhaji Magaji, mai kamfanin da ke karɓar ajiyar mutane da alkawarin ninka musu. Kawun ya kira shi ya ce, "Ɗana, karatun nan ni zan biya. Ranar walimarka ta gama jami'a unguwa za ta taru. Ka tashi ka ce ka duba lissafin kamfanina, lafiya lau yake. Shi ke nan."

Kun san halinmu. In ɗan unguwa mai boko ya ce ya duba, magana ta ƙare. Tsohuwa sai ta sayar da akuyarta ta kai, ba ta ƙara tambayar kowa ba.

Ukashatu ya duba kuwa. Babu ciniki, babu gona, babu komai. Da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya.

Ya koma ya durƙusa. "Kawu, ku gafarce ni, ba zan faɗa ba."

"To ka tsufa da alli a hannu."

"In haka Allah Ya rubuta, na karɓa."

Ranar walima ya gode wa Allah, ya gode wa iyaye, zai zauna ke nan sai wani dattijo ya ce, "Malam Ukashatu, kamfanin kawun naka fa? Mu sa?" Kawu na sahun gaba yana kallonsa. Ukashatu ya ce, "Baba, ni dai ko kwabona ba zan sa ba."

Gurbin ya wuce shi. Dangi suka ce ya watsa wa kawunsa ƙasa a ido, wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Ya kama koyarwa a sakandare, abin yana masa ciwo ƙwarai, don yana son karatun nan.

Na ga wasunku na jira in ce daga baya ya yi arziki. Ban sani ba, kuma ba zan ƙaga muku ba. Gaskiya ba sai an biya ta a duniya take zama gaskiya ba.

Ku matasa masu neman karatun kuɗi, ku je ku yi, halal ne a nemi ilimi. Amma wata rana za a nemi ku ara wa ƙarya sunanku, kuma mai neman zai kasance wanda kuke jin nauyinsa. Ranar nan ku ƙi. In dangi sun kira ku wawaye, ku amsa. Kabarinku ba da kawu za a sa ku ba.