Uban Amarya da Muryar da Kishi Ya Cinye

Akwai wani malamin firamare da ake wa laƙabi da Ƙararrawa, saboda irin muryar da Allah ya ba shi. Shi ne shugaban mawaƙa a majami'arsu. In ya buɗe baki ranar Lahadi, ko wuta ta ɗauke ba a neman makirufo, na bakin ƙofa ma suna jin sa tas.

Burinsa ɗaya ne a duniya. Yana da 'ya guda, kuma tun tana jaririya ya tsara mata wata waƙa da yake rera mata in tana kuka. Ya yi mata alkawari cewa ranar aurenta shi zai tsaya gaban jama'a ya rera ta da bakinsa. To, ga shi an sa ranar auren, saura 'yan watanni.

Ana nan sai wani mai shagon magani ya tare a unguwar, ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Kowa Baƙo yake ce masa, sunan kuma ya bi shi. Muryarsa ba ta da ƙarfi irin ta Ƙararrawa, amma akwai sanyi da daɗi. Ranar da aka fara ba shi baiti ɗaya ya ja, wata tsohuwa ta share hawaye da bakin mayafinta. Ƙararrawa ya ga wannan hawayen, kuma abin ya tsaya masa a rai.

A hanyar gida matarsa ta ce, "Maigida, kai, Baƙon nan ya iya waƙa!"

Ya ce, "Wace waƙa? Raɗa dai yake yi."

Ta yi dariya ta ce, "To ai raɗar ta shiga kunne." Ranar ko abincin rana bai ci da daɗi ba.

Jama'a, kishi mugun abu ne. Daga ranar Ƙararrawa ya ƙudura ba zai bar wata kafa da za a ce Baƙo ya cike ba. Addu'ar safe, shi ne. Taron tsakiyar mako, shi ne. Jana'iza, gaisuwar marar lafiya, taron matasa, duk shi ne. Ga yaran aji da yake wuni yana yi wa ihu, ga ƙurar alli. Da an ce "a ba Baƙo ya taimaka", sai ya sha mur ya ce, "Aikin Ubangiji ba a gajiya da shi."

Amma fa ya gaji. Ya daina addu'a a ɗakinsa, don in ya durƙusa barci ke kwashe shi. Yana rera waƙar yabo, idonsa na kan fuskokin mutane yana duba wa ya yaba, wa bai yaba ba. Da safe muryarsa kan dishe, sai ya kurɓi ruwan zafi ya yi gyaran murya ya fita.

Shi kuwa Baƙo yana da wata ɗabi'a. Duk wata, akwai Lahadi ɗaya da ba ya hawa wajen mawaƙa. Sai ya nemi bencin ƙarshe ya zauna da iyalinsa, ya yi shiru yana sauraro. Wannan ma ya ƙona wa Ƙararrawa rai. Ya ce, "Ku duba malalaci! Mu muna nan muna kashe kanmu, shi yana hutawa, kuma shi ake yabo."

Sai kuma ya lura da wani abu. Dattijon da ke kaɗa musu piyano ya fara sauke waƙoƙin ƙasa. Waƙar da Ƙararrawa ya saba haurawa da ita can sama har gashin jikin mutane ya tashi, yanzu ana fara ta a ƙasa, inda ba sai an ɗaga murya ba.

Bayan gwajin waƙa ya tsare dattijon ya ce, "Baba, wa ya ce ka sauke?"

Dattijon ya ce, "Baƙo ne ya roƙe ni. Ɗana, ka tsaya in faɗa maka dalili."

"Ba sai ka faɗa ba, na sani! So yake a mayar da waƙoƙina daidai muryarsa. Ka mayar da su inda suke. Kai, ka ma ƙara ɗagawa, mu ga wanda zai iya bi."

Dattijon ya dube shi ya girgiza kai ya ce, "To, kai ne shugaba."

Haka aka yi ta tafiya, yana haurawa da ƙyar, jijiyoyin wuyansa na miƙewa, yana satar kallon Baƙo. Matarsa ta ce, "Maigida, muryar nan taka ba daidai take ba. Ka huta mana, ka ajiye ta don bikin yarinyar nan." Ya ce mata ita ma ta koma bayan Baƙo ke nan.

Wata Lahadi, majami'a cike, ya ja numfashi zai haura inda ya saba. Ya buɗe baki, sai iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa, wata 'yar ƙara ta fito kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Wayyo, kunya! Baƙo ne ya karɓi baitin daga bayansa aka ƙarasa, wannan kuwa ya fi komai yi masa ciwo.

Likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce ya ji wa kansa rauni. Ya ce, "Malam, in kana son muryar nan ta dawo, sai ka yi shiru na tsawon lokaci. Ba waƙa, ba aji, ko raɗa ban yarda ba. In ka matsa, ta tafi ke nan." Bikin kuwa yana cikin kwanakin shirun.

Ya dawo gida ya kulle kansa a ɗaki. Ya daina zuwa majami'a. A zuciyarsa yana cewa, "Ubangiji, duk hidimar da na yi maka, sakamakona ke nan?"

Wata yamma dattijo mai piyano ya zo gaishe shi, ga Baƙo a bayansa. Ƙararrawa ya juya fuska bango.

Dattijon ya zauna ya ce, "Yau dai ba ka da bakin katse ni, sai ka ji. Ranar da bawan Allahn nan ya zo wurina, cewa ya yi, 'Baba, muryar shugaba tana wahala, ina ji. Ka sauke masa waƙoƙin a hankali, kada ya sani, kada ya ji kunya.' Don kai aka sauke, ɗana. Shi ai muryarsa ta fi sakewa a sama."

Ƙararrawa ya juyo daga bango ya dubi Baƙo.

Baƙo ya ce, "Yaya, na san dishewar nan, don ni ma ta taɓa kama ni a inda na baro. Sai da na zauna a benci dole, na gane na daɗe ina rera wa mutane waƙa, ni ba na jin ko kalma ɗaya. Shi ya sa nake zama a baya, in bari a ciyar da ni ni ma. Ban zo karɓe maka komai ba."

Ƙararrawa ya so ya ce a yafe masa, babu murya. Sai ya kama hannun Baƙo da hannu biyu ya riƙe, hawaye na zuba.

Aka shirya Baƙo ne zai rera waƙar amarya a madadinsa. Matar Ƙararrawa ce ta koya masa waƙar, don ta sha jin ta tun yarinyar tana goye. Ƙararrawa kuma yana gefe yana buga tebur da yatsa in an yi kuskure.

Ranar auren, uban amarya ya zauna a bencin gaba, bakinsa a rufe. Baƙo ya miƙe ya ce, "Wannan waƙar ba tawa ba ce. Ta mahaifin amarya ce, aron baki kawai na ba shi." Da aka fara, amarya ta waiwayo, ba ta kalli mai rerawa ba, babanta ta kalla har aka gama. Shi kuwa a ranar ya fara jin abin da ya rubuta da hannunsa: cewa Ubangiji ne mai riƙon yarinyar, ko ubanta yana barci. Ya yi kuka sosai, na daɗi da na baƙin ciki a haɗe, don alkawarin dai bai cika shi ba, kuma ya san abin da ya jawo.

Muryar ta dawo daga baya, amma ba ta ƙara haurawa can sama ba. Ranar da ya koma gwajin waƙa, dattijon ya ɗora yatsu a kan piyano ya ce, "Shugaba, a ina za mu fara?"

Ya ce, "Inda Baƙo ya ce, Baba."

Yanzu in ka shiga majami'ar wata Lahadi ka ga wani mutum a bencin ƙarshe ya lumshe ido yana sauraro, kada ka ce malalaci ne. Ƙararrawa ne, ranar hutunsa ce.

Darasi: Ba kowace gajiya ce ta aikin Allah ba, wata ta kishi ce. Ubangiji bai ce kai kaɗai za ka ɗauki hidimarsa ba, shi ya sa yake aiko maka da 'yan'uwa. Ka huta, ka yi addu'a, ka bari a taimake ka, tun kafin ka ƙarar da abin da kake ajiye wa waɗanda ka fi ƙauna. In ka san wani mai hidima da ya gaji yana ɓoyewa, tura masa wannan labarin yau.