Tsamiyar Jikin Katanga

An yi wani mutum a nan Gwallaga, mai zane ne, kuma Allah ya ba shi hannu. Ba zan kama sunansa ba. Masu shago suna kiransa ya rubuta musu allo, masu makaranta ya ƙawata musu bango, alhazai ya zana musu Ka'aba a falo. Duk aikin da ya gama, sai ya sa sunansa da lambar wayarsa a kusurwar ƙasa, kamar yadda masu wannan sana'a suka saba.

Mutumin nan yana da abin taƙama guda: ba ya zana mai rai. Ko hoton kaza ka nema, zai ce maka a'uzu billahi. Jama'a suna ta yabonsa, wai ga mai tsoron Allah. Shi ma ya yarda haka ɗin ne.

Wata rana wani mai makarantar kuɗi a Inkil, Alhaji Hammajoda, ya aika aka kira shi. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya matso. Katangar makarantar kuwa ta tsage tun daga tushe har sama, tsagar ta yi rassa, mutum zai iya zura yatsu uku a ciki.

Alhaji ya ce, "Mai zane, iyaye za su zo ranar Asabar. Ba na son idon kowa ya sauka a kan abin nan. Ka san dabarar da za ka yi."

A gefe akwai wani birkila mai suna Toma, wanda aka fara kira. Ya ce, "Oga, wannan ba ciwon fenti ba ne fa. Gindin ya zauna. Ka sa kunne ka ji." Ya ƙwanƙwasa bangon, ya yi ƙara kamar ganga. "Ni na ce a rushe a sake. Ba zan taɓa ba."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Toma, kai ko ƙofar aljanna aka nuna maka sai ka ce a sake fandisho." Toma ya ɗauki kwanon simintinsa ya tafi.

Mai zane ya ji ƙarar nan da kunnensa. Ya zura yatsunsa, ya ji sanyin laima a ciki. Amma da ya ja baya ya ƙare wa tsagar kallo, me ya gani? Bishiya ya gani. Ga gangar jiki, ga rassa, sai dai a bi da buroshi. Zuciyarsa ta ce masa, kai ba magini ba ne, aikin fenti aka ba ka.

Ya cusa takardar buhun siminti a tsagar, ya shafe da filasta. Kwana uku yana aiki. Ya fito da tsamiya mai yalwar ganye, kowane reshe yana bin tsaga sau da ƙafa. A ƙarƙashinta ya rubuta addu'ar neman ƙarin ilimi da kyakkyawan rubutu. Ba tsuntsu ko ɗaya a kanta, don shi ba ya zana mai rai. Sannan ya sa suna da lamba.

Ya 'yan uwa, kun ji ƙazanta? Ya ji tsoron zana tsuntsu, bai ji tsoron ɗana wa 'ya'yan mutane tarko ba!

Zanen ya yi suna. Iyaye suka zo suka yi ta ɗaukar hoto a gabansa. Aiki ya riƙa zuwa masa har daga Ƙofar Ran. A gida bai faɗa wa kowa abin da ke bayan fentin ba, ko matarsa Saudatu. Hoton kawai ya nuna musu a waya. 'Yarsa Zinariya, mai shekara bakwai, ta ce, "Baba, kai ka yi wannan? Wallahi sai na je na gani."

Damina ta yi nisa. Aka yi hutu, Zinariya ta je kwana biyu gidan gwaggonta a Inkil. Ranar an wuni ana ruwa, ya ɗauke bayan la'asar. Ta ja hannun ƙawayenta biyu ta ce su zo su ga zanen Babanta. Tana tsaye tana nuna musu reshe da yatsa katangar ta zo ƙasa.

Ƙawayen sun tsira da karaya. Zinariya ba ta tashi ba.

Da mai zane ya iso, jama'a sun cika wurin. Ya ga takardar buhun siminti tana leƙowa daga cikin koren ganyen da ya zana. Kowa ma ya gani. Kusurwa ɗaya ce kaɗai ta rage a tsaye, mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Alhaji kuwa cewa ya yi shi bai san da wata tsaga ba, a tambayi wanda ya yi aikin.

Saudatu tambaya ɗaya ta yi masa: "Baban Zinariya, ka sani?" Daga nan ta tafi gidansu, ba ta dawo ba. Yau shagonsa a rufe yake. Lambar nan ma ya jefar da ita, don duk wanda ya kira, tambayar Saudatu yake yi masa.

Na ji wasunku a wurin zaman makoki suna cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ƙaddara ce ta cusa takarda a tsaga? Toma ya faɗi gaskiya ya rasa aiki, ba wanda ya goya masa baya. Mu nawa ne a nan muke shafa fenti a kan abin da muka san ya ruɓe, a ofis, a kasuwa, a aji, muna cewa mu dai aikinmu aka ba mu? Algus algus ne, ko da a ƙarƙashinsa an rubuta addu'a. Kuma kowane aiki akwai sunan mai shi a kusurwa, ranar hisabi za a karanta.

Allah ya kiyaye mu da hannun da ke ƙawata ƙarya. Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya ba mu ƙarfin halin cewa a rushe a sake. Amin.