Kifin da Bai Amsa Ruwan Farko Ba

Akwai wani manomi da aka haifa a wani ƙaramin ƙauye, a bayan gidan mahaifinsa kuwa akwai kududdufi. Ba wani babban ruwa ba ne. Da damina yakan kai gwiwar babban mutum, da rani ya bushe ƙayau, lakarsa ta tsattsage har kaji su shiga suna tono. Amma kowace shekara, in ruwa ya zauna kamar mako uku, sai ka ga waɗansu 'yan kifaye suna kai da kawowa a ciki, tsawonsu bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba. Namijin shuɗi ne mai jar wutsiya, macen kuwa ruwan toka ce, ba ruwanta da ado. Da yake kududdufin ba ya haɗe da rafi ko kogi, mutanen ƙauyen suka ce daga sama kifin yake faɗowa tare da ruwa, suka sa masa suna ɗan sama.

Ku da kuka tashi a gari, kuka san kifi a cikin gwangwani ko a kan tiren mai suya, da wuya ku gane daɗin abin. Ba a cin ɗan sama, goma ba su cika cokali ba. Kallo ne kawai. Yara kan kwanta rub da ciki a bakin ruwa, tufafi duk laka, ana ƙwala musu kira su zo su ci tuwo suna yin kamar ba su ji ba. Ni ma na sha duka a kan irin wannan kallo, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Mahaifiyar manomin nan ba ta yarda da zancen faɗowa daga sama ba. Wata rana da rani, yana ƙarami, ta kai shi tsakiyar kududdufin, ta ɓamɓaro ɓawon laka, ta murje ƙasar da ke ƙarƙashi a tafin hannunta. Ta nuna masa wani ɗan abu mai ƙyalli, bai fi ƙwayar acca ba.

Ta ce, “Ga ɗan samanku nan. A ƙasa yake kwana. Iyayen sukan binne ƙwai a laka kafin ruwa ya janye, su mutu, 'ya'yan su yi ta jira.”

Shekaru suka wuce. Mahaifiyar ta rasu, yaron ya girma ya yi aure, ya yi furfura. Sai ya zama za a bi da babbar hanya ta tsakiyar ƙauyen, aka ce kowa ya tashi, kududdufin kuma za a cike shi da tsakuwa. Mutane suna kwashe ƙyamare da jinka, shi kuwa ya ɗauki fartanya ya shiga tsakiyar kududdufin, daidai inda ruwa yake ƙarasa bushewa, ya haƙi laka ya cika tulu. Aka yi ta yi masa dariya. Ya rungumi tulunsa, gama ya san idan katafila ta wuce, babu sauran ɗan sama na gidan ubansa a duniya sai abin da ke cikin tulun nan.

Ya koma gefen wani gari mai rairayi, ya sami 'yar gona. Ya ajiye tulun a inuwa, ya rufe bakinsa da tsohon zanen mahaifiyarsa, don kada lakar ta jiƙe, kada kuma ta ƙone. Da damina ta zo, ya tari ruwan sama a babbar kwatarniya, ya juye lakar duka a ciki, ya jawo kujera ya zauna.

Kwana ɗaya ba kome. Kwana uku ba kome. Mako ya cika, babu abin da ya motsa a ruwan sai 'ya'yan sauro. Ran nan da safe ya tsiyaye ruwan a hankali, ya shanya lakar a kan tsohuwar tabarma a inuwa, ya saɓi fartanya ya tafi gona zuciyarsa a jagule, bai ce wa kowa uffan ba.

To, matarsa 'yar masunta ce, a bakin babban kogi ta tashi. Kifi kam ba a nuna mata shi. Tun tana goye ta san cewa ƙwan kifi in ya bar ruwa wuni guda ya mutu, haka iyayenta suka sani, haka kakanninta. Da ma tun farko tausayin mijin ne ya sa ta yi shiru. Yanzu ga shi an gwada an gani. Ta dubi lakar nan mai danƙo, wadda babu irinta a duk garin, ta dubi murhunta da ya tsage. Ta ce a ranta, gara abin nan ya yi amfani da a ce kullum maigida ya gan shi ya rasa barci. Ta kwaɓa lakar ta shafe murhu sumul, da ya sha iska ta hura wuta ta ɗora tukunya.

Da yamma manomin ya dawo, ya tarar da tabarma, abin da ya rage a kanta bai fi cikin tafi biyu ba. Ya dubi murhu, ya ga sabon shafe ya riga ya yi ja.

Ya ce, “Uwar yara, ina lakar?”

Ta ce, “Maigida, ai ka gani da idonka. Mako guda tana cikin ruwa, ko motsi. Abin da ya mutu ya mutu.”

Ya zauna a ƙasa. Sa'an nan ya ce, “Laifina ne, ban faɗa miki ba. Inna ta ce mini in na jiƙa laka ban ga kome ba, kada in zubar. In shanya, in jira, in sake jiƙawa. Ba duka suke amsa ruwan farko ba. Ruwan farko yakan yi yaudara, ya sauka ya ɗauke, waɗanda suka fito duk su mutu. Shi ya sa waɗansu sukan yi lamo sai na biyu, waɗansu ma sai na uku.”

Matar ta dafe kai ta ce, “Wayyo ni! Mu a kogi ba mu san kifin da ke jira ba.”

Ya tattara ɗan abin da ya rage ya mai da shi cikin tulun. Damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya yi tsawo kamar ba zai ƙare ba. A wannan karo matar ce ta zama mai gadi. Akuya ta kusanci tulun sai ta sha muciya. Da hadari ya fara haɗuwa, ta zuba ɗan ƙasar a faranti ta fita cikin rana tana tonawa da tsinke, gama idon mijin ya yi rauni. Can sai ta kira shi da ƙarfi. Ta sami ƙwai guda, a cikinsa kuwa ga 'yan idanu biyu baƙaƙe suna kallonta.

Suka tari ruwan sama, suka zuba lakar. Kashegari da safe suka ga abubuwa kamar bakin allura suna zillo a cikin kwatarniya. Suka ƙirga, suka sake ƙirgawa, tara ne. Nan fa sanin 'yar masunta ya yi rana. Ta riƙa ɗebo musu koren ruwa mai 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, da suka yi ƙwari ta koma tace musu 'ya'yan sauro. Ta rufe bakin kwatarniya da rariya saboda tsuntsu, ta canza musu ruwa kaɗan kaɗan. Kafin wata ya cika, huɗu suka yi shuɗi da jar wutsiya, sak irin na bayan gidan ubansa. Tsohon nan ya kwanta rub da ciki a tsakar gida yana kallo, ana kiransa cin abinci bai ji ba.

Matar ta yi murna, amma murnarta ba ta cika ba. Ta tsaya a bakin murhu tana share hawaye da gefen zane, ta ce, “Tara a cikin tafi biyu. To, Maigida, nawa ke nan na dafa tuwo a kansu?”

Ma'anar wannan misali ita ce, lakar nan zuciyar mutum ce, ƙwan da ke ciki kuwa Maganar Allah ce da wani ya binne tun da daɗewa, ko uwa, ko kaka, ko malamin makarantar Lahadi da ya riga ya tafi hutawa. Ruwan shi ne kiran Ubangiji. Akwai wanda yake ji sau ɗaya ya tashi, mun gode Allah dominsa. Akwai kuma wanda za a yi masa wa'azi, a yi addu'a, a yi azumi, ka duba ka ga ko motsi. Ba lalle ne ya mutu ba. Mu dai ba ma ganin cikin laka, Allah ne yake gani.

Ku lura, matar nan ba muguwa ba ce. Mai tausayi ce, mai sani ce kuma, saninta ne ma ya ruɗe ta. Ta auna kifin kududdufi da ma'aunin kifin kogi. Haka muke yi, mu da muka tashi cikin ikilisiya ba mu taɓa sanin rani ba. In muka ga ɗanmu ko maƙwabcinmu ya yi shekaru a bushe, sai mu yanke masa hukunci. Mu daina sa sunansa a addu'a, mu daina gaishe shi, mu mai da shi abin misali a gaban yara, mu ce kada ku zama kamar wane. Wannan shi ne shafe murhu. Rani bai kashe ƙwan nan ba, wutar gida ce ta kashe shi. Manomin ma yana da nasa rabon laifi, gama ya san gaskiya ya riƙe ta a ciki, don baƙin ciki ya hana shi buɗe baki.

Ba don na fi ku nake faɗa muku wannan ba. Ina da ƙane, sunansa Filibus. Uwa ɗaya ta koya mana addu'a a kan tabarma ɗaya. Da ya bar sujada na bi shi sau ɗaya, na yi masa magana, ya yi mini dariya. Ni kuwa da zafin raina na ce masa ba shi da rabo, na kaɗe rigata na tafi. Yau shekara goma sha tara ke nan ban taka ƙofar gidansa ba. Ban san abin da maganata ta ƙone a cikinsa ba, ban kuma san ko akwai abin da ya rage ba. Kowa a cikinku yana da nasa, kun kuma san sunansa, ba sai na faɗa ba. Ni dai ranar Talata da safe zan shiga mota in je wurin Filibus. Ba wa'azi zan kai masa ba, gaisuwa ce, da neman gafara. Ku sa mu a addu'a, mu biyu.