Kurege da Tarin Kifin da Ba Ya Rabuwa

Ga ta nan, ku matso kusa ku karɓa.

Wata shekara tafki ya janye, manyan namun daji suka shiga su, wato kamun kifi. Al'adarsu kuwa ita ce a tara kifi wuri ɗaya, mai rabo ya kasa daidai, abin da ya ƙi rabuwa ya zama nasa. Kurege na gefe, yunwa ta lanƙwasa shi, ko jelarsa bai tsoma a ruwa ba. Sai ya naɗa rawanin ganyen ayaba, ya manna gemun auduga, ya fito yana tari irin na manya.

"Ni ne Malam Na-Kasa, mai rabon sarakuna! Kaina ya fi cikin Giwa faɗi!"

Shegen ya san wata lamba, ɗari takwas da talatin da tara, wadda ba ta kasuwa daidai sai ga mutum ɗaya, ko ga taron da ya kai yawanta cif. Kullum sai ya ƙirga tarin ya tsayar da shi a nan, rarar ta shige rawani.

Ran farko Kura da Damisa da Ɓauna ne. Ya kasa uku, biyu suka rage, ya lamushe.

Da gari ya waye ya ce, "Rowa ba kyau, ku gayyato 'yan'uwa." Suka zo su takwas, bakwai suka rage.

Kura ta ce, "Malam, wai kullum sai an samu saura?"

"Ke da ko yatsunki ba ki iya ƙirgawa? Zo ki kasa mu gani!"

Ta kasa, ta rushe, ta sake, har gumi ya jiƙa ta. Bakwai dai.

Kwaɗayi fa ya hau kan Kurege. Ya ce a ransa, in masu rabo suka fi kifin yawa da ɗaya tak, ba mai samun komai, duk tarin saura ne! Ya tafi gidan kwarkwasa, tururuwan nan masu cizo, ya ƙirga adadin da zai cika taron ɗari takwas da arba'in, ya ce gobe kowa ya zo.

Da gari ya waye ya hau kan suri yana ƙwambo. "Yau za ku ga aikin ilimi! Kowa ya ɗauki ɗaya. In har wani ya rasa, rabo ya ɓaci, kifi nawa ne!"

Aka yi layi, ana ɗauka, yana lashe baki. Kwarkwasar ƙarshe ta ja kifin ƙarshe. Kurege ya leƙa bayanta, ba kowa.

"Ina ɗayar?"

Suka ce, "Ai Iya tsohuwa ce, ƙafa ta hana ta fitowa."

Ko ƙaya ba a bar masa ba. Sai kwarkwasa suka jiyo ƙarni daga rawaninsa, suka dirar masa. Ya yi tsalle, gemu ya faɗi, kifin sata ya zubo tim.

Kura ta ce, "Ashe kai ne, ɗan banza!"

Ɓauna ta ɗaga shi sama da ƙaho, Damisa ta tsige masa rabin jela, da ƙyar ya faɗa rami. Yana sosa kumburi ya leƙo da ido ɗaya, ya ce, "Lissafina dai daidai yake! Tsohuwar can ce ba ta da alkawari!"

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa.