Kunkuru Biyu a Bokitin Fenti

Akwai wani dillalin gidaje da abokansa ke kira Ɗan Ƙwalisa, don shi ba ya sayen abu sai wanda zai sa a kalle shi. Wata rana ya ga kunkurun ruwa guda biyu, babba da ƙarami, a wajen mai sayar da tsuntsaye, ya saya, ya zuba su a akwatin gilashi a tsakiyar falonsa. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa su kafin a ba shi ruwan sha.

Ɗokin bai kai wata biyu ba. Ruwa ya yi kore, falo ya ɗauki ƙarni. Maimakon ya canza ruwan, sai ya riƙa fesa turare. Da turare ya kasa, ya juye su a tsohon bokitin fenti, ya tura lungun bayan kicin.

Ana nan bututun kicin ya toshe, aka kira wani dattijo mai gyaran famfo. Baba Mai Famfo ya shekara talatin yana cusa hannu a magudanar mutane, babu warin da bai sani ba. Amma da ya shiga lungun nan, sai da ya cire hula ya toshe hanci.

Ya leƙa bokitin. Ruwan ya yi baƙi, ya yi kauri kamar tsohon man inji. Ragowar shinkafa ta kumbura a sama, ga ƙashin kaza, ga ɓawon ayaba, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil. A ƙasa ya ga abu na motsi. Ya sa hannu ya ɗago ɗaya: idanu sun kumbura sun rufe, ƙoƙon bayansa ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali.

Ya je ya sami maigidan a falo.

"Yallaɓai, yaushe rabon a canza wa bayin Allahn can ruwa?"

"Gyaran famfo na kira ka ko wa'azi?" in ji Ɗan Ƙwalisa, ko ɗago kai daga waya bai yi ba. "Kunkuru ne fa, ba jariri ba. In sun dame ka kwashe su, dama gobe masu shara zan ba."

Baba ya gama aikinsa, ya wanke su a famfo, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu ya tafi da su.

Matarsa na ganinsa ta ja da baya. "Malam, maza na dawowa da cefane, kai ka dawo mana da wari?" Amma da ta ga idanun, ita ce ta ɗauko baho.

Washegari ya kai su wurin likitan dabbobi, aka ba shi maganin ɗigawa a ido, aka ce rashin rana da ƙazantar ruwa ne suka cinye su. Ya dawo ya haƙa rami a gindin gwaiba, inda rabi inuwa ne rabi rana, ya binne wani tsohon kwamin wanka da ya ciro a wurin aiki. Ya jingina faffaɗan dutse don su riƙa hawa shan hantsi. Ya rufe sama da ragar waya saboda hankaki da ɓeraye. Duk kwana biyu ya canza ruwa, tsohon ya zuba wa shuka.

Ƙaramin bai yi rai ba, a kwana na tara ya mutu. Baba ya binne shi, ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Babban kuwa, bayan sati uku ya buɗe ido ɗaya, ya cafki ɗan kifi. Cikin 'yan watanni bayansa ya yi tauri, ya yi sheƙi. Matar Baba ta sa masa suna Sarkin Hutu.

Bayan wata takwas Ɗan Ƙwalisa ya gama sabon gida, har da ɗan tafkin ado a tsakar gida. Ya biyo gidan Baba don ya haɗa masa famfon tafkin, mahaifiyarsa na tare da shi sun dawo daga asibiti. Yana ganin kunkurun a kan dutse, idonsa ya yi ƙyalli.

"Ashe kayana ya yi kyau. Sa min shi a mota, dama aro na ba ka."

Baba bai yi musu ba. Ya ciro wayarsa, ya buɗe hotunan da ya ɗauka ranar farko don nuna wa likita, ya miƙa wa tsohuwar.

"Hajiya, ga yadda na same su. Duk abin da kika yanke, shi ke nan."

Ta duba na farko, ta duba na biyu. Ta kawar da kai ta tofar da yawu, sannan ta juya wurin ɗanta.

"A gidanka aka yi wannan?"

"Inna, dabba ce fa..."

"Su biyu na gani. Ina ɗayan?"

Baba ya nuna mata inda ya binne shi.

Ta daɗe tana kallon ɗanta kamar ba ita ta haife shi ba. Sannan ta ce, "Wata uku kana matsa min in tattara in koma sabon gidanka. Wanda ba shi da bakin kai ƙara ka yi wa haka. Ni ma akwai ranar da bakina zai mutu. Kai ni gidan ƙanwarka."

Kunkuru ya zauna a gindin gwaibarsa. Ɗakin da Ɗan Ƙwalisa ya ƙawata wa mahaifiyarsa kuwa, har yau ba ta taɓa kwana a ciki ba.

Darasi: Duk mai rai da ka ɗauko ka ajiye amana ne, ba kayan ado ba. In ka gaji, nemo wanda zai iya tun kafin ya lalace a hannunka. Kuma ka sani, da yadda ka riƙe marar baki mutane ke auna yadda za ka riƙe su. Ku tura wa duk wanda ke da dabba a gida.