Audugar da Ke Cikin Ruwan Gwalma

An ruwaito a wani tsohon littafin mijina, Allah ya jiƙansa, littafin da gara ta cinye gefensa, cewa a birnin Gwalma akwai wata al'ada. In aka kama ɓarawo, sai a cusa masa auduga a baki kafin a kai shi fada. Suna cewa bakin ɓarawo zaƙi gare shi, in ka saurare shi zuciyarka za ta yi laushi. Hukunci kuwa ɗaya ne: a jefa shi busasshiyar rijiyar bayan ganuwa.

An ce wata rana da hantsi aka kawo Jatau mai haƙa kabari gaban Sarki Dambo. Madugu Tanko, babban falken garin, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ya fasa rumfata ya ɗauke turmin farin yadi." Jama'a suka cika ƙofar fada, kowa na kiran rijiya. Jatau yana ta gurnani cikin audugarsa.

Sai tsohon Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba ka labari kafin a tafi da shi?"

Sarki ya ce, "Ba ni, amma kada ka ja."

Waziri ya ce, "A zamanin mahaifinka an jefa wata mata, Ladi, don ta ɗebi gero a rumbun maƙwabci. Ina cikin masu ihu. Tana ta gurnani kamar wannan, muna dariya. Bayan kwana biyar aka ɓalle ɗakinta, aka tarar da 'ya'yanta biyu ba rai. Ashe ta kulle su ne ta fita nemo musu abinci, abin da take son faɗa ke nan. Tun ran nan, duk gugan da ya fito daga kowace rijiya a garin nan, za ka ga zaren auduga yana yawo a kan ruwan. Mata su tsame su yar, ba mai magana."

Sarki ya dubi moɗar da ke gabansa. Ga zaren nan, fari, yana juyawa shi kaɗai. Ya ture ta, ya ce a cire audugar bakin Jatau.

Jatau ya yi tari, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka. Wani baƙo ne ya mutu a ƙofar gari, jikinsa duk ƙuraje, ba mai son taɓa shi. Sau biyu na je roƙon likkafani a rumfar, aka kore ni. Ni ban iya binne ɗan Adam tsirara ba."

Sarki ya ce, "Wane ne baƙon?"

"Ban sani ba. Yatsa shida gare shi a hannun hagu."

Madugu Tanko ya zauna a ƙasa dirshan. Baƙon nan ƙanensa ne Sambo, mai yatsa shida, wanda ya bi ayari shekara biyu ke nan, madugun kullum yana duban hanya.

Nan take bakin jama'a ya juya. Masu kiran rijiya ɗazu su ne yanzu ke cewa madugun ne mugu, shi ya dace a jefa.

Sarki ya ce, "Da hantsi wancan, kafin azahar wannan. Ba wanda za a jefa. Jatau, sata sata ce, kai za ka cike rijiyar nan da hannunka." Ya hana cusa auduga har abada, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa. Madugu kuwa da kansa ya riƙa taya Jatau ɗaukar ƙasa.

To, jikokina, ban ce a bar mai laifi ba, ni ma kun san hannuna. Amma ku bari ya faɗi dalilinsa tukuna. Littafin ya ce rijiyar ta cike, amma zaren bai daina fitowa a ruwan Gwalma ba. Ladi dai ba a taɓa jin abin da ta ce ba.