Igiya a Cikin Ciyawa

“Wai ciyawar hanyar rijiyar nan ta wa ce?”

Yaya Babba, wan maigidana, na ji yana tambaya a zaure. Kowa ya ce ba tasa ba ce. Ni kuwa kullum ta cikinta nake ratsawa da tulu, ran nan har saɓar maciji na gani. Amma amarya ba ta buɗe baki gaban yayyen miji. Sai na bari aka yi isha'i, yaran gidan suka taru a ƙofar ɗakina.

Na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya tafi ɗaki.”

Suka ce, “Ta zo mu ji ta, Amarya, idonmu biyu.”

Wasu 'yan'uwa ne su uku a gida ɗaya: Jatau, da Nomau, da autansu Tunau. Tsakanin sassansu akwai wani fili. Damina ta sauka, ciyawa ta tashi. Jatau ya ce shi babba ne, ba ya duƙawa ƙanne suna kallo. Nomau ya ce laujensa yana wurin maƙeri. Tunau ya ce ko inuwar ɗakinsa ba ta kai nan. Sai ciyawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu.

A gindin katanga kuwa akwai Ƙadangare da 'ya'yansa. Sai Kumurci ya zo wucewa, ya ga wuri da duhu da sanyi, ya ce, “Akwai mai wurin nan?” Ciyawa ta ce, “Babu, shigo.” Ya shiga. Kullum sai ya karya kumallo da ɗan ƙadangare guda.

Sai Ƙadangare ya ce bari ya kai kuka. Da rana mazan gidan suna gindin dalbejiya suna gyara duniya da baki, ba a samunsu sai bayan magariba. Shi kuwa Ƙadangare mai ladabi ne. Ya san in rana ta faɗi ba a kiran sunan mugun abin nan, sai dai a ce igiyar ƙasa.

Ya tarar da Jatau yana cin tuwo.

“Ranka ya daɗe, akwai igiya a cikin ciyawar nan.”

“Igiya? Yaya take?”

“Doguwa, baƙa, sai sheƙi take.”

“Madalla! Ta akuyata ce da ta ɓace bara.”

“Ranka ya daɗe, igiyar ƙasa ce fa.”

“To da a sama za ta kwana? Kada wanda ya taɓa mini ciyawa.”

Sai ya wuce wurin Nomau.

“Akwai igiya a cikin ciyawar nan.”

“Kaurinta fa?”

“Kamar damtsenka.”

“Ta gugana ce, wallahi na gane ta.”

“Tana motsi fa.”

“Iska ce, kai jahili. Ciyawar nan tun asali a rabona take.”

Sai ya ƙarasa wurin Tunau, yana haki.

“Auta, igiyar nan tana da baki.”

“Kowace igiya bakinta biyu. Ta shanyar matata ce.”

“Ta cinye mini 'ya'ya!”

“To ka hana su wasa da kayan mutane.”

Shi ke nan, ciyawar da ba ta da mai ita ta wayi gari da masu ita uku. Kowa ya kafa kujera a ƙofarsa yana gadi, kada ɗan'uwa ya riga shi shiga. Ana ta gadi, Kumurci yana ta ƙiba, har Ƙadangare ya rage da ɗa guda.

Ran nan da almuru, kowa ya ga kamar 'yan'uwansa sun shagala. Sai kowa ya sulale ta nasa ɓangaren, yana lalube. Jatau ya damƙi wutsiya, ya ce, “Na samu!” Nomau ya damƙi tsakiya, ya ce, “Saki, ɓarawo!” Tunau yana neman ɗaya bakin, sai bakin ya same shi. Kumurci ya miƙe, ya fasa kai, ya ce, “Sannunku. Wanne ne mai ni a cikinku?”

Jatau ya ce, “Nomau ne.”

Nomau ya ce, “Tunau ne.”

Tunau ya manta da ladabi, ya ƙwala ihu, “Maciji!”

Jatau da ba ya duƙawa, da rarrafe ya fita. Nomau ya bar takalmi, Tunau ya bar hula da rabin wando.

Da safe suka yi zama. Jatau ya ce, “Auta, je ka kwashe igiyar matarka.” Tunau ya ce, “Ni wa? Babba ya riga ya ce tasa ce.” Nomau ya ce shi dai maƙeri bai gama ba. Ƙadangare yana kan katanga yana jinsu. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Sai ya goya ɗansa guda, ya koma gidan wata tsohuwa mai share tsakar gidanta ƙal.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ciyawar da kowa ya ce ba tasa ba, maciji ne mai ita.

Ashe yara rabin tatsuniya suka kai wa iyayensu. Da hantsi ina wanke-wanke, sai na ji Yaya Babba yana cewa, “Wai sabuwar igiya aka ce an gani a ciyawar can? Ina jin tawa ce.” Kafin in ɗauraye tukunya, ga shi da lauje, ga ƙaninsa Yaya Ƙarami da fartanya, ga maigidana da adda, kowa yana hararar kowa. Kafin azahar hanyar rijiya ta yi fes. Ba su sami igiya ba, sai saɓar nan da wani tsohon silifa, shi ma sai da aka yi gardamar mai shi.

Maigidana ya shigo yana gumi, ya ce, “Ke, wa ya fara zancen igiyar nan?”

Na miƙa masa ruwa, na sunkuyar da kai. Na ƙudurta a raina ba mai ji daga bakina.